H. Stover Kulp: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida (1894–1964)

Duk wanda ya taɓa yin sujadar safiyar Lahadi a majami'ar EYN ta Wulari a birnin Maiduguri ya san yadda wurin yake cika har ya batse. Zumuntar mata sukan tashi da tulunansu da cakinsu, a yi waƙa da Hausa, a yi da Bura, a yi da Margi da Kibaku da Kamwe, yara kuwa suna ta kai da kawowa tsakanin kujeru. Kaɗan ne daga cikin masu sujadar suke tunawa cewa a wannan birni ne, a shekara ta 1923, aka zauna a ofishin Razdan na Lardin Borno aka ga bai kamata a bar waɗansu Amurkawa biyu su kafa mishan a garin Biu ba. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu shi ne Harold Stover Kulp, wanda makarantarmu ta tauhidi a Kwarhi take ɗauke da sunansa. Ɗalibai da yawa sun shiga makarantar sun fita ba su san ko wane ne mai sunan ba. Ya dace iyalanmu su san shi, su kuma faɗa wa 'ya'yansu.

An haifi Stover Kulp ran 29 ga Satumba, 1894, a gidan manoma kusa da garin Pottstown a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Iyalinsa 'yan ekklesiyar Coventry ne, wadda aka kafa tun 1724, tana cikin tsofaffin ekklesiyoyin 'Yan'uwa a ƙasar. Asalin 'Yan'uwa kuwa daga Jamus ne. A shekara ta 1708 mutum takwas, Alexander Mack yana cikinsu, suka yi baftisma a rafin Eder a ƙauyen Schwarzenau, domin sun gaskata cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da kansa ce, kuma mai bin Yesu ba ya ɗaukar makami, ba ya rantsuwa, ba ya tilasta wa kowa a sha'anin addini. Tsanani ya kore su daga wuri zuwa wuri har suka haye teku. A cikin irin wannan jama'a yaron ya tashi, jama'a mai sauƙin tufafi, mai wankin ƙafa da jibin ƙauna, mai ganin noma a matsayin aiki mai daraja. Abin nan na noma bai rabu da shi ba har tsufansa, kuma za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Ya yi karatu a Kwalejin Juniata, ya gama a 1918, ya ƙara digiri na biyu a Jami'ar Pensilbaniya, ya kuma yi aikin fasto a New Enterprise da kuma Filadelfiya. A Juniata ne ya sadu da Ruth Royer, 'yar Galen B. Royer wanda ya daɗe yana sakataren hukumar mishan ta 'Yan'uwa. Suka yi aure a 1921. A lokacin ekklesiyar tana da ma'aikata a Indiya da ƙasar Sin, amma ba ta da kowa a Afirka. Zamanin kuwa zamani ne da kiran Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ɗin SUM, yake ratsa makarantun Turai da Amurka, yana neman matasa su je ƙasashen da ake kira Sudan, wato shimfiɗar da ta taso daga kogin Kwara har kogin Nilu. Babban taron 'Yan'uwa na 1922 ya amince a aiki mutum biyu su je su duba wuri: Stover Kulp da Albert D. Helser. Suka bar matansu a baya, suka sauka Legas a ƙarshen Disamba 1922.

Ƙofar da aka rufe

Daga Legas jirgin ƙasa ya kawo su arewa har Jos. Daga nan sauran tafiyar galibi a kan doki ne da ƙafa, tare da masu ɗaukar kaya, mako bayan mako cikin hunturu, har suka hau tudun Biu. Abin da ya jawo su can shi ne labarin Bura, kabila mai yawa, manoma, waɗanda yawancinsu a lokacin suke kan addinin kakanninsu, ba makaranta, ba asibiti.

A nan suka ci karo da abin da ba su zata ba. Tun 1903 Lugard ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addininsu ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna a ƙasar sarki Musulmi ba. Biu tana ƙarƙashin sarautar Pabir, wadda Turawa suka ɗora a kan Bura, kuma tana cikin Lardin Borno, wanda hedkwatarsa take Maiduguri. Razdan na Borno a lokacin shi ne H. R. Palmer. Gaskiya ta sa a faɗi cewa Palmer ba jahili ba ne. Masani ne na tarihin Borno da ƙasar Hausa, ya tattara tsofaffin rubuce-rubuce ya fassara, kuma masu bincike suna amfani da littattafansa har yanzu. Amma ya yi imani cewa mishan da makarantarsa za su raunana ikon sarakunan da mulkin Ingila yake dogara da su, kuma yaron da ya iya karatu ba zai ƙara durƙusa wa hakimi kamar dā ba. A wannan kam bai yi kuskure ƙwarai ba. Aka hana su garin Biu. Sai da magana ta kai gaban Gwamna Hugh Clifford kafin aka ba su izinin zama a wani ƙaramin ƙauye a bakin kogin Hawul, can gefen ƙasar Bura, mai suna Garkida.

Ran 17 ga Maris, 1923, da sassafe, kafin a fara haƙa harsashin ɗakin farko, Kulp da Helser suka tara ma'aikatan da suka ɗauka aikin gini, mutum 33, a gindin wata tsamiya. Kulp ya karanta daga ƙarshen sura ta 2 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, wurin da manzo yake bayyana yadda waɗanda dā suke bare suka zama 'yan gida ɗaya, gini ɗaya, wanda Almasihu ne dutsen kusurwarsa. Helser ya karanta daga Korintiyawa ta biyu. Magana tana bi ta bakin tafinta kafin ta isa kunnen masu ji, Allah kaɗai ya san abin da ya rage daga cikinta sa'ad da ta isa. Mutanen sun zo ne domin lada, ba wanda ya tuba a ranar. Duk da haka daga wannan safiya ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take ƙidaya shekarunta.

Rigima da gwamnati ba ta ƙare a gindin tsamiya ba. A 1925 Palmer ya zama Laftanan Gwamna na Lardunan Arewa duka, sai matsin ya dawo da ƙarfi, har aka nemi a tashe su daga Garkida. 'Yan mishan suka yi ta rubuta takardu, suna kai kuka sama, suna kuma ci gaba da makaranta da ba da magani kamar ba abin da yake faruwa. Cikin gyaran iyakokin larduna na 1926 Garkida ta koma Lardin Adamawa, sai kogin Hawul ya zama kamar katanga: suna hangen ƙauyukan Bura a hayin Borno, amma ba su da izinin kafa tasha a can. Sai wajen 1930, lokacin da Palmer ya bar Nijeriya ya tafi gwamnan Gambiya, aka buɗe tashar Marama kusa da Biu. Kulp ya yi shekara bakwai yana jiran a buɗe ƙofar da ya fara ƙwanƙwasawa. Ba a san shi da zagin hukuma ba, ba a kuwa san shi da janyewa ba.

Kabari na farko

Watanni kaɗan bayan sujadar farko zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Helser, Kulp ne ya yi jinyarsa, ba likita kusa. Kafin shekarar ta ƙare Ruth Kulp da Lola Helser suka iso, aka buɗe makaranta a watan Disamba, a 1924 kuma likita na farko, Homer Burke, ya zo da matarsa. Gida ya fara kama da gida. Ruth tana koyon Bura, tana da juna biyu.

A watan Yuni 1924 Ruth ta rasu wajen haihuwa, jaririn kuma, namiji, bai rayu ba. Aka binne su a Garkida. Stover bai cika shekara talatin ba, aurensu shekara uku ke nan.

Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a nan. Mutumin yana da ilimi, yana da ekklesiya a babban birni da za ta karɓe shi da hannu biyu, surukinsa babba ne a hukumar da ta aiko shi. Gwamnati ba ta son ganinsa, kuma ko mutum ɗaya bai yi wa baftisma ba tukuna. Da ya tattara kayansa ya koma, ba mai ganin laifinsa, gama da yawa sun koma a kan abin da bai kai wannan ba. A ganina dukan tarihin EYN ya rataya ne a kan watannin nan da suka biyo bayan jana'izar, fiye ma da safiyar tsamiya. Fara aiki abu ne na zafin zuciya, saurayi yana iyawa. Wanda ya tsaya bayan ya rufe kabarin matarsa da ɗansa da ƙasar baƙunci, shi ne ya sa mutanen Garkida suka fara duban mishan da wani ido dabam. A al'adarmu wanda ya binne nasa a gari ya zama ɗan garin, yana da abin da zai dawo ya duba. Asibitin da aka gina a Garkida daga baya an sa masa sunan Ruth, domin tunawa da ita.

A ƙarshen 1926 ya auri Christina Masterton, 'yar Sikotilan, wadda ta riga ta yi aikin mishan a wani sashe na Afirka kafin su sadu. Mace ce mai kunnen harshe da baiwar waƙa, ta ba da ƙarfinta ga koyar da mata da shirya waƙoƙin sujada cikin harsunan ƙasar. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Philip da Naomi.

Harshe, makaranta, magani, gona

A 1927 aka yi baftisma ta farko a Garkida. Samari huɗu ne: Njida Gwari, Ibrahim Shellangwa, Risku Madziga da Pilesar Sawa. Suka durƙusa cikin ruwa aka nutsar da su sau uku ta gaba, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda muke yi har yau. Mutum huɗu cikin shekara huɗu. Wanda yake auna aikin Allah da yawan kawuna zai ce an yi hasara. Amma daga cikin samarin nan aka sami masu bishara da suka bar ƙasarsu ta Bura suka tafi cikin waɗansu kabilu, suka koyi harsunan da ba nasu ba, suka sha irin wuyar da Turawan suka sha, sau da yawa ba tare da kwinin da gidan sauro da Turawan suke da su ba. Idan ana ba da labarin Kulp aka manta da su, an ba da rabin labari.

A shekarar nan ce Stover da Christina suka bar Garkida, wadda ta fara daɗin zama, suka nufi gabas cikin Margi. Suka fara zama a Dille, sa'an nan suka kafa tasha a Lassa, a ƙasar da take cikin Jihar Borno a yau. Harshen Bura da ya sha wahalar koyo bai ishe shi a can ba, sai ya sake zama ɗalibi. Yakan zauna da dattawa yana tambayar sunan kowane abu, yana rubutawa, yana neman harafin da zai ɗauki sautin da Turanci bai san da shi ba. Wanda ya san Margi ya san ba ƙaramin aiki ba ne, gama masana harsuna na duniya sun san ta da yawan baƙaƙe. Shi da abokan aikinsa suka shirya littattafan koyon karatu, suka fassara Bishara, suka fara da Markus a Bura, domin sun ɗauka cewa mutum ba ya jin Maganar Allah sosai sai da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Daga baya, da ekklesiya ta haɗa kabilu da yawa, Hausa ta zama harshen taro da na makarantar Littafi Mai Tsarki, shi ya sa wannan mujalla take fitowa da Hausa. An sami riba a wannan, an kuma yi rashi. Yara nawa ne a gidajenmu na Maiduguri suke iya yin addu'ar Ubangiji da harshen kakarsu?

Tsarin da Kulp da 'yan'uwansa suka bi bai raba rai da jiki ba. Inda aka kafa majami'a, akwai aji, akwai ɗakin magani, akwai gonar gwaji. A 1929 aka buɗe mazaunin masu ciwon kuturta a Virgwi kusa da Garkida, wanda ya girma ya zama ɗaya daga cikin sanannun wuraren jinyar wannan ciwo a arewa. Mutane suka zo daga kabilu masu yawa, waɗanda danginsu suka guje su, suka sami magani, suka koyi karatu, da yawa suka ba da gaskiya, da aka sallame su kuma suka koma garuruwansu da Bishara. Ta wannan hanya Maganar ta shiga wuraren da gwamnati ta hana Bature mai wa'azi shiga, gama ba dokar da ta hana wanda ya warke komawa gida. Mai Sule Biu, ɗan gidan sarautar Biu ɗin nan da aka hana mishan zama a cikinta, ta ƙofar Virgwi ya shigo, ya zama fasto kuma ɗaya daga cikin manyan dattawan ekklesiya.

Shekarun 1930 suka zo da karyewar tattalin arziki a Amurka, kuɗin mishan ya ragu ƙwarai, ma'aikata suka ragu. A 1936 Helser ya koma mishan ɗin SIM, inda daga baya ya zama babban darakta. Cikin mutum biyu na gindin tsamiya, Kulp ne ya rage. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa hawa teku ya zama kasada. Duk da haka aka buɗe Chibok a 1941, makarantar Hillcrest a Jos a 1942, sa'an nan Wandali, Gulak, Shafa, Mubi, Uba da sauransu suka biyo, makarantun Waka kuma kusa da Biu suka fara a 1952, inda aka horar da malaman da suka cika makarantun lardin. Shekaru masu yawa Kulp ne sakataren filin aiki, wato shi ne mai amsa wa hukuma a Amurka, shi ne mai amsa wa gwamnati a Kaduna, shi ne kuma wanda ake kai wa ƙara idan 'yan mishan suka saɓa a tsakaninsu, abin da ba ya rasa faruwa a inda 'yan Adam suke.

A 1952 Christina ta rasu. Sau biyu ke nan ƙasar nan ta karɓi matarsa. Yana da shekara 58, ya sake tsayawa, ya ƙara shekara goma sha ɗaya.

Miƙa sanda

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba idan muka mai da mutanen nan mala'iku. An yi baftisma ta farko a 1927, amma sai cikin shekarun 1950 aka fara naɗa 'yan ƙasa fastoci. Tsara guda ke nan cur. Mutanen da suka kafa majami'u a ƙauyuka, suka koyar, suka binne matattu, sai su jira Bature ya zo kafin a yi baftisma ko jibin Ubangiji. Batun masu mata fiye da ɗaya da suka ba da gaskiya ya raba gidaje, ya bar mata da 'ya'ya cikin wahala, kuma ekklesiya ta daɗe tana fama da shi. An kuma yi gaggawar yanke wa waɗansu al'adu hukunci tun ba a fahimce su ba. Kulp ɗan zamaninsa ne, yana cikin mishan ɗin da ya yi waɗannan abubuwa, kuma a matsayinsa na shugaba yana da nasa rabo na alhakin.

Abin da za a shaide shi da shi shi ne ya ga inda hanya ta nufa, bai kuwa tare ta ba. Ya gane cewa mishan kamar matakalar magini ce, ana jingina ta domin a ɗaga bango, idan gini ya tsaya sai a ɗauke. Cikin shekarun 1950 ekklesiya ta sami tsarinta da majalisarta, aka san ta da sunan Lardin Gabas a cikin tarayyar TEKAS da aka kafa a 1955, wadda muke kira TEKAN a yau. 'Yan'uwa suna cikin waɗanda suka haɗa hannu aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya a 1959, wadda take Bukuru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗariƙa mai nata irin baftisma da nata al'adu, ta yarda 'ya'yanta su zauna aji ɗaya da Lutheran da 'yan Reformed. Kulp yana cikin masu ganin cewa Kiristocin arewa ba su da yawan da za su yi ta jayayya a kan bambance-bambancen da aka kawo musu daga Turai.

Makarantar Littafi Mai Tsarki da aka fara a 1960, wadda ta zauna a Kwarhi kusa da Mubi, ita ce ta fi nuna tunaninsa. An shirya ta domin ɗalibi ya zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi gona, ya koyi Littafi Mai Tsarki da safe, ya koyi noma da garmar shanu da rana, matarsa kuma ta yi nata aji. Manufar ita ce a sami shugaban da zai koma ƙauye ya ci daga guminsa, ya yi kiwon garke ko ba albashi, kada ekklesiya ta dogara ga kuɗin waje. Ɗan manomin Pensilbaniya ke nan yana magana. Shi kansa ya tashi a cikin ɗariƙar da masu wa'azinta na dā manoma ne, suna huɗa ranar Asabar, suna hawa bagade ranar Lahadi. Makarantar ce aka sa wa sunansa, kuma a kusa da ita hedkwatar EYN take.

Ya ga Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960. A 1963 ya yi sallama da ƙasar bayan shekara arba'in, ya koma Pensilbaniya. Bai daɗe a can ba. Ya rasu ran 12 ga Oktoba, 1964, yana da shekara 70. Matar ɗansa Philip, Mary Ann Moyer Kulp, ta rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga a 1968. Ekklesiyar da ya bari ta sami cikakken ikon kanta a 1972, ta ɗauki sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya a 1976.

Yadda aka shiga Maiduguri

A shekarar da Kulp ya rasu ne layin dogo ya iso Maiduguri. A 1967 birnin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a. Gwamnati tana neman malamai, akawuna, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, masu duba gona. Ina za a same su? Da yawa daga Garkida, Lassa, Marama, Chibok da Waka suka fito, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka fara koyon baƙaƙe a ƙarƙashin rumfar zana. Suka zo da akwatunansu da littattafan waƙarsu, suka fara taruwa a ɗakuna da azuzuwa, har suka gina majami'u a unguwa bayan unguwa. Kulp bai kafa tasha a Maiduguri ba, bai kuwa ga majami'ar Wulari da idonsa ba. Birnin da Razdan ya tsare da takarda da hatimi, ma'aikatan gwamnati ne suka shigo da ekklesiyar cikinsa, a bayan babbar mota, da takardar canjin wurin aiki a aljihu.

A nan kuma aka gwada gādon da ya fi kowanne nauyi cikin abin da 'Yan'uwa suka kawo, wato koyarwar salama da ƙin ramuwa. A watan Fabrairu 2006 aka ƙone majami'u da yawa a Maiduguri, har da namu. A watan Yuli 2009, cikin tashin Boko Haram, aka rushe majami'ar Wulari. A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoba na shekarar aka mamaye Kwarhi, shugabanni da ɗaliban makarantar Kulp suka tsere ta daji, hedkwata ta koma Jos na ɗan lokaci. Dubban membobi suka mutu, dubbai da yawa suka bar gidajensu, Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi, gama wutar ba ta zaɓi gida ba. A watan Fabrairu 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone majami'a.

Koyarwar da aka yi a aji cikin kwanciyar hankali, a waɗannan shekaru aka tambayi gwauraye da marayu ko sun yarda da ita. Ba kowa ne ya same ta da sauƙi ba, akwai samari da suka tambayi fastocinsu har yaushe, tambayar kuma ba ta wauta ba ce. Amma ekklesiya a matsayinta na ekklesiya ba ta kira kowa ga ramuwa ba. Ta raba abinci ga maƙwabta ba tare da tambayar addininsu ba, ta zauna da malaman Musulmi a kan teburin sulhu, akwai kuma iyalanmu da za su shaida cewa maƙwabci Musulmi ne ya ɓoye su a daren tashin hankali. An sake gina Wulari. An koma Kwarhi, azuzuwa suka sake buɗewa.

A watan Maris 2023 aka yi bikin cika shekara ɗari, a Kwarhi da Garkida, baƙi suka zo daga Amurka da Turai, motoci kuma suka taso daga Maiduguri cike da 'yan zumunta sanye da zane iri ɗaya. Aka taru a wurin tsamiyar, aka tuna da sujadar da mutum 33 suka saurara ta bakin tafinta. Kabarin Ruth da jaririnta yana nan a garin, tun daga Yuni 1924.